Yadda ake yanke shawarar tayi da buga kati a gasar birij

Toh jama'a, wannan bayanin na yi shi ne saboda wanda ya riga ya san zaman teburin birij, mutum huɗu biyu-biyu, Arewa da Kudu gefe ɗaya, Gabas da Yamma gefe ɗaya, kowa da kati 13 a hannu, amma da an shiga gasa sai ya ga maki na ta zubewa bai san ta ina ba. Wanda bai taɓa yi ba ma zai iya bi a hankali. Kala huɗu ne, sifed ♠, hat ♥, dayamon ♦, kulob ♣. Duk zagayen da kowa ya ajiye kati ɗaya shi ne tirik, 13 ne a hannu ɗaya, kuma duk tayin da ka yi ana ƙara masa shida, wato in ka ce 4♠ ka ɗau alkawarin tirik goma kenan da sifed a matsayin tiram (kalar da ke yanka sauran kaloli), in ka ce 3NT tirik tara ne ba tiram. A gefen da ya ci tayi, wanda ya fara faɗar kalar da aka tsaya a kai shi ne mai kwantiragi, abokinsa ya shimfiɗa katinsa a tebur kowa na gani, shi ake kira domi.

Tushen tsarin makin da ake amfani da shi yanzu Harold Vanderbilt ne ɗan Amurka ya tsara shi a 1925, kuma a gasa ba kuɗi ake zubawa a tebur ba, katin da aka raba ma ba a sake cakuɗa shi, ana mayar da shi cikin allo a kai wani tebur wasu su buga irinsa sak, sai a gwada sakamakonku da nasu. Kaga kenan maganar wai ban samu kati mai kyau ba ta faɗi, don mutumin da ake gwada ka da shi katinka ya riƙe. Abun da ya rage kawai shi ne shawara, kuma kusan duk shawarar da zaka yanke a wasan nan lissafi ne, ba jin jiki ba.

Fara da sanin kuɗin kowane abu

Kafin ka taɓa maganar tsarin tayi ka haddace wannan. Bayan shidan farko, kowane tirik na ♣ da ♦ maki 20 ne, na ♥ da ♠ 30, na NT na farko 40 sauran 30-30. In tayinka ya kai maki 100 ka yi gem, shi yasa gem yake 3NT, 4♥, 4♠, 5♣, 5♦. Kowane allo kuma yana nuna ko kuna ja ko kuna fari. In kuna fari ladan gem 300 ne, in kuna ja 500. Kwantiragin da bai kai gem ba ladansa 50 kacal. Saboda haka 4♠ da aka cika 420 ne a fari 620 a ja, 3NT kuma 400 ko 600. In ka faɗi ba a yi maka dobul ba (dobul shi ne abokan karawa su ce ba zaka cika ba, a ƙara nauyin makin), kowane tirik 50 a fari 100 a ja. In an yi dobul, a fari 100, 300, 500, 800, a ja 200, 500, 800, 1100. Dan Allah ka rubuta lambobin nan a takarda ka dinga dubawa har su zauna, don duk abun da zan faɗa a gaba a kansu yake tsaye.

Sai kuma ka san wace irin gasa ka shiga. Akwai ta ƙungiya, mutum huɗu da mutum huɗu, inda ake juya bambancin maki zuwa IMP (International Match Points, ma'aunin da ke ƙaruwa da girman tazara), irinta ce Bermuda Bowl da aka fara a 1950. Akwai ta biyu-biyu da ake lissafi da MP (matchpoints, makin yawan teburan da ka doke), inda ba ruwan kowa da girman tazara, ko da maki 10 ka fi wani tebur ka doke shi kamar yadda in ka fi shi da 1000. Wannan bambancin ba ƙarami bane, hannu ɗaya tak sai ya zama a IMP daidai ne ka yi kaza, a MP kuma kuskure ne.

Auna hannunka, sannan ka buɗe

Wajen auna ƙarfin hannu, katin A maki huɗu ne, K uku, Q biyu, J ɗaya, jimla 40 a kati gaba ɗaya. Wannan ƙirgen Milton Work ne ya yaɗa shi, Charles Goren ya ƙara kai shi gida-gida a Amurka. In kai da abokinka kun haɗa 25 ku nemi gem, 33 ku nemi 6NT, 37 ku nemi 7NT. Amma gaskiya wanda ya tsaya a ƙirgen nan kaɗai ba zai yi nisa ba. K Q J 10 5 a kala ɗaya da K a nan Q a can J a wani wuri duk maki shida ne a takarda, amma na farkon tirik huɗu ne kusan a hannu, na biyun kana iya tashi ba ko ɗaya. Manyan kati in suna tare cikin doguwar kala sun fi daraja, Q ko J da ke zaune shi kaɗai ka rage masa. In kuma kun gano kuna da kati takwas a ♥ ko ♠ tsakaninku, toh kalar da kake da ɗaya ko babu a cikinta ta zama dukiya tunda zaka yanka da tiram.

A tsarin da yafi yawa a intanet, ana buɗewa da maki 12 zuwa sama, 1♥ ko 1♠ na nufin kati biyar aƙalla, 1NT na nufin 15 zuwa 17 da hannu madaidaici. 'Yan Ingila masu Acol nasu 1NT ɗin 12 zuwa 14 ne, masu Precision kuma, tsarin C.C. Wei wanda ƙungiyar Taiwan ta zo ta biyu da shi a Bermuda Bowl na 1969, suna buɗe duk hannu mai 16 zuwa sama da 1♣. Ni a ganina ba wani tsari da zai cece ka, wanda kai da abokinka kuka fahimta iri ɗaya shi ne mai kyau, ku zauna ku rubuta shi a takarda ɗaya kafin gasa.

Bari mu ga hannu. Kudu na da ♠ A Q 7, ♥ K 8 4, ♦ A J 6 2, ♣ Q 9 5, maki 16, sai ya ce 1NT. Arewa na da ♠ K J 8 6 2, ♥ 7 3, ♦ K 5 4, ♣ A 8 2, maki 11. Nan take Arewa ya san gem ne tunda ko 15 Kudu ke da shi an kai 26, tambayar kawai 3NT ko 4♠. Sai ya ce 2♥, wanda ba hat yake nufi ba, umarni ne ga Kudu ya ce 2♠, wannan shi ne tiransifa na Jacoby. Kudu ya ce 2♠, Arewa ya ce 3NT, ma'ana ina da sifed biyar da ƙarfin gem, kai ka zaɓa. Kudu da sifed uku sai ya gyara zuwa 4♠. Me yasa aka sha wannan zagayen? Dubi ♥ K 8 4 ɗin nan. Yanzu Kudu ne mai kwantiragi, Yamma ne zai fitar da katin farko, in ya fito da hat Kudu ne na ƙarshe da zai ajiye, K ɗinsa ya tsira. Da Arewa ne mai kwantiragi da Gabas ya ratsa ta cikin K ɗin tun tirik na farko. In da kati huɗu ne Arewa ke da shi a hat ko sifed ba biyar ba, sai ya yi Stayman, wato 2♣, yana tambaya ko akwai kati huɗu a ɗayansu.

In je gem ko in tsaya?

Nan ne lambobin can suke fara aiki. A ce kuna ja a IMP, kuna 3♠ kana tunanin ƙarawa. In ka je 4♠ ya cika ka samu 620, waɗanda suka tsaya sun samu 170, tazara 450, IMP 10 kenan. In ka faɗi da ɗaya ka ba da 100 su kuma sun samu 140, tazara 240, IMP 6. Kana saka shida don ka ci goma, wato ko damar cikawa ta kai kashi 38 cikin ɗari kawai ya isa ka je. A fari kuma riba IMP 6 ne asara 5, kana buƙatar wajen kashi 45. A MP babu wannan rangwamen, in gem bai kai rabi da rabi ba ka barshi. Shi yasa zaka ga ƙwararru a gasar ƙungiya in suna ja suna ta cusa kansu gem da maki 23 ko 24, ba rawar kai bane, sun yi lissafin ne tun a gida.

Silam kuma ladansa 500 a fari 750 a ja in tirik 12 ne, 1000 da 1500 in duka 13 ne. Tambayar 4NT ta Easley Blackwood, wato A nawa abokinka ke da shi, kowa ya santa, yawancin 'yan gasa yanzu suna ƙirga K na tiram a matsayin A na biyar. Abun da nake so ka riƙe shi ne 4NT ba ta gaya maka ko kuna da tirik 12, tana hana ka shiga silam ne alhali A biyu na hannun abokan karawa. In kana da ƙananan kati biyu a wata kala da ba wanda ya nuna ya tsare ta, ko kana da kalar da babu komai, kar ka tambaya, don amsar ba zata gaya maka wane A bane.

In abokan karawa suka shigo tayin

A gasa da wuya a bar ku ku yi hirarku ku biyu, kuma mafi yawan makin da sababbi ke zubarwa a nan ne. In an buɗe a gabanka kana da kala mai kyau ta kati biyar da maki kamar 8 zuwa 16 ka faɗe ta, ko ba ku ci tayin ba ka nuna wa abokinka abun da zai fito da shi. In kana da ƙarfin buɗewa, gajere a kalarsu, kana da uku ko huɗu a sauran, sai ka yi dobul, wanda a wannan matakin yana nufin abokina zaɓi kala. In kuwa tsawonka a kalarsu yake, sau da yawa fas, wato ka ƙi yin tayi, shi ya fi, ka bari su shiga ramin da kansu.

Sai tambayar da ke dawowa kullum, sun ce 3♦ a kan 2♠ ɗinmu, in ƙara ko in bari? Akwai ƙa'idar da Jean-René Vernes ɗan Faransa ya fito da ita, Larry Cohen ya yaɗa ta a shekarun 1990, a taƙaice in ƙarfi ya rabu kusan daidai, ku yi tayi har adadin tiram ɗin da kuka haɗa. Tiram takwas, tirik takwas, mataki na biyu. Tara, mataki na uku. Goma, na huɗu. Abun da ke sa ta aiki shi ne in kuka faɗi galibi da sun cika nasu, asararku bata kai abun da zasu samu ba. Saboda haka in abokinka ya buɗe 1♠ kana da sifed biyar da maki huɗu da kala ɗaya gajera, ka ce 4♠ kai tsaye, kar ka bi a hankali, ka bar su su yi ta canka a mataki na biyar. In kuma tiram takwas ne kawai da hannu shimfiɗaɗɗe, maki ɗaya ko biyu da ka ƙaru da su ba dalilin zuwa 3♠ bane, tiram na tara shi ne dalili.

Amma ka duba launin allo kafin ka buɗe baki. A MP in kuna ja, faɗuwa da biyu ba dobul ko da ɗaya da dobul 200 ne, alhali abun da zasu samu a ƙaramin kwantiraginsu 110 ne zuwa 170, kaga 200 ɗin nan kusan sifili ne a allon. In kuna fari faɗuwa da ɗaya 50 ne, ko an yi dobul 100, duk sun fi ka bar musu 110. Haka maganar sadaukarwa a kan gem ɗinsu. Suna ja kuna fari, nasu 620, kuna iya faɗuwa da uku a 500 kun ci riba, da huɗu 800 kun yi ɓarna. Launi ɗaya, biyu kawai zaku iya ɗauka. Kuna ja suna fari, ɗaya tak. Kuma duk wannan sai in gem ɗin nasu zai cika ne, wallahi babu abun takaici irin ka ba da 300 a kan 4♥ da dama faɗuwa zai yi. In kuka tura su mataki na biyar, ku barsu a can, aikinku ya yi.

Buɗewa da 2♦, 2♥, 2♠ da kati shida da maki 6 zuwa 10, ko mataki na uku da kati bakwai, makami ne mai kyau don yana cinye musu fili. Sharaɗin ɗaya ne, in ka yi ka gama magana, abokinka ya san hannunka kai baka san nasa ba, shi zai yanke sauran.

An shimfiɗa domi, kar ka taɓa kati tukuna

Kwantiragi da yawa a tirik na farko suke mutuwa saboda gaggawa. Ka tsaya ka yi shiri ko da katin da zaka sa a bayyane yake, doka ta baka wannan damar. A NT ka ƙirga tirik ɗin da kake da su a hannu, a kwantiragin tiram ka ƙirga waɗanda zaka rasa.

Kudu na buga 3NT da ♠ A 7 4, ♥ K Q 5, ♦ A 9 3, ♣ Q J 8 6. Domi na da ♠ 8 3, ♥ A 7 2, ♦ K 6 4, ♣ K 10 9 5 2. Yamma ya fito da ♠K. Ƙirga, sifed ɗaya, hat uku, dayamon biyu, shida kenan, saura uku, kuma kulob zai ba da huɗu da zarar an fitar da ♣A. Matsalar ita ce wanda ke da ♣A zai dawo da sifed, su kuma suna da takwas. In ka cinye na farko da A, kuma Yamma na da biyar, zasu ɗauki sifed huɗu da ♣A, ka faɗi. Toh sai ka ƙi ci, ka bar musu na farko, ka bar musu na biyu, ka ci na uku, domi ya yar da ƙaramin dayamon. Yanzu in sifed biyar da uku ne, Gabas ya ƙare, in ♣A na wurinsa ya ci bashi da abun da zai miƙa wa Yamma, ka tashi da tirik goma. In huɗu-huɗu ne, sifed uku da ♣A kawai zasu samu, tara ɗinka na nan. In Yamma ne ke da sifed biyar da ♣A duka, babu yadda zaka yi dama, kuma kowane tebur haka zai faɗi. Akwai 'yar dabara ta tunawa in A ne kaɗai matsarinka, ka cire adadin katinku a kalar daga bakwai, nan biyar ne, saura biyu, sau biyu zaka ƙi ci.

Ga na tiram. Kudu na 4♠ da ♠ A K Q 10 5, ♥ A 8 4, ♦ K 7 2, ♣ 9 3. Domi ♠ J 9 3, ♥ 6 2, ♦ A 8 5 4, ♣ A 7 6 2. An fito da ♣K. Abun da zaka rasa, hat biyu, dayamon ɗaya, kulob ɗaya, huɗu, kuma uku kawai aka yarda maka. An koya wa kowa ya fara kwashe tiram, kuma galibi daidai ne, amma nan in ka kwashe domi ya rasa abun yanka, sai ka koma addu'ar dayamon shidan da ke waje su rabu uku-uku, wanda kashi 36 ne kawai cikin ɗari. Hanyar ita ce ka ci da ♣A, ka buga ♥A, ka sake buga hat ka basu. Su ɗauki kulob ɗinsu, su buga tiram don su rage wa domi, ba komai, ka ci a hannu ka yanka hat na uku da ♠J. Lura daga A har 9 duk naku ne, ba mai iya yanka a samanka, saboda haka kar ka yi rowa ka yanka da ƙarami. Daga nan sai ka kwashe tiram ka kwanta da goma. Ko zagaye biyu na tiram ka fara yi ka kashe kanka, don in ka basu hat zasu buga na uku su share domi.

Rabe-raben nan ma a haddace su. In kati biyar ne a waje, uku da biyu kashi 68, huɗu da ɗaya 28. In shida ne, huɗu da biyu 48, uku-uku 36. In huɗu ne, uku da ɗaya 50, biyu-biyu 41. Finas, wato ka bugo ƙarami zuwa A Q kana fatan K na hannun wanda ya riga ya ajiye, rabi da rabi ne, saboda haka ya fi jiran uku-uku amma bai kai uku da biyu ba. In Q ce ta ɓace kuna da takwas ka yi finas, in tara ne ka buga A da K, sai dai tazarar a tara ƙarama ce sosai, da wani ya buɗe da 3♣ misali ya nuna kati bakwai, lissafin ya juya, ka nemi Q ɗin a wurin abokinsa.

Yanzu ga inda IMP da MP suke rabuwa a bugu. Domi na da ♦ A K Q 6 5 4 ba wata ƙofar shiga wurinsa, kai kana da 3 2, kana 3NT kuna ja, tirik biyar kake buƙata daga dayamon. In ka bugo daga sama kuma suka rabu uku da biyu ka samu shida, ƙarin tirik ɗaya. In huɗu da ɗaya ne ka tsaya a uku, gem ya tafi. In kuwa ka bar musu zagayen farko da gangan, ƙarami daga nan ƙarami daga can, biyar ɗinka sun tabbata ko huɗu da ɗaya ne. A IMP ƙarin tirik ɗin maki 30 ne, IMP ɗaya, gem ɗin kuma 700 ne tsakanin 600 da asarar 100, IMP 12, ba sai an yi dogon tunani ba ka bar musu. A MP in kwantiragin da kowa zai shiga ne, sau 68 cikin ɗari masu bugowa daga sama zasu fi ka da 30 ɗin nan su bar ka a ƙasa, saboda haka kai ma daga sama zaka bugo. Sai fa in ka ga kun shiga wani kwantiragi mai kyau da sauran tebura ba zasu kai ba, nan ka lallaɓa shi ko a MP ne.

Tsaro, wanda shi ne rabin wasan

A kowane allo huɗu, biyu kana tsaro ne, ɗaya kana domi, ɗaya kawai kake buga kwantiragi, amma sai ka ga mutum bai taɓa zama da abokinsa sun tattauna tsaro ba. Katin farko ka saurari tayi. In abokinka ya faɗi kala, ita. In kana da jeri irin K Q J ko Q J 10, na sama. A NT na huɗu daga saman doguwar kalarka. A kwantiragin tiram kar ka fito da ƙarami daga ƙarƙashin A, kuma in tayinsu ya nuna domi zai yi yanka, tiram ɗin kansa ka fito da shi.

In abokinka ya fito da na huɗu, cire lambar katin daga 11, abun da ya rage shi ne yawan katin da suka fi shi a sauran hannu uku. Ya fito da ♠7, domi na da K 5 2, kai kana da A J 9 3. Sha ɗaya ban da bakwai huɗu, ga K a domi, ga A J 9 a wurinka, huɗun sun cika, mai kwantiragi bashi da ko ɗaya da ya fi 7. In domi ya sa ƙarami sai ka sa 3 abunka, 7 ta ci, abokinka ya sake ratsa K ɗin, ku kwashe huɗu. Wanda bai yi lissafin ba zai sa J ya ci, sannan ya rasa yadda zai sake kama K.

Ka kuma dinga ƙirga maki da zarar domi ya sauka. Mai kwantiragi ya buɗe 1NT, 15 zuwa 17, domi na da 10, kai kana da 8, toh abokinka na da 5 zuwa 7. In ya riga ya nuna A da Q, shida kenan, kar ka ƙara tsammanin K a wurinsa, ka nemi tirik ɗinku ta wata hanya. Sigina kuma ku daidaita, a tsarin da aka saba babban kati na nufin ci gaba da kalar nan, ƙarami na nufin canza, in kuma mai kwantiragi ne ya bugo kalar, babba sannan ƙarami na nufin adadin katinka cika ne, biyu ko huɗu. Wasu suna juya shi, duk ɗaya ne in dai kun yarda kuma kun sanar.

Wannan sanarwar wajibi ce. A birij ba a yarda da yarjejeniyar ɓoye ba, duk tayin da ke da ma'ana ta musamman sai an ja hankalin abokan karawa, in sun tambaya a faɗa musu gaskiya. Tsaki, kallo, dogon jinkiri sannan fas, buga kati da ƙarfi, duk saƙo ne da abokinka bashi da izinin amfani da shi, in ya yi alƙalin gasa zai gyara makin. Shi yasa ake tayi da katunan akwati ba da baki ba, a manyan gasa kuma ake sa allon tsari a tsakiyar tebur don kada abokai su ga juna. A 2015 Boye Brogeland ɗan Norway ya jagoranci tona zargin maguɗi a kan wasu manyan 'yan wasan duniya, inda mutane suka yi ta nazarin bidiyon gasa, abun ya girgiza wasan sosai. Ka saba wa kanka buga kowane kati da sauri iri ɗaya, in zaka yi tunani ka yi shi a tirik na farko lokacin da kowa ke yi.

Wurin gwaji kuma ga Bridge Base Online, ana shiga kyauta ta waya, kuma bayan kowane allo zaka iya buɗe abun da sauran tebura suka yi da katinka, tayi da bugu kati bayan kati. Ku ɗauki allo uku da kuka fi zubar da maki, kai da abokinka, ku duba ko a tayi ne, ko a katin farko, ko a shirin tirik na ɗaya, in rashin fahimtar juna ne a kan ma'anar wani tayi ku ƙara shi a takardar tsarinku kafin zama na gaba.